Kayan da Rana Ba Ta Taɓa Ba

A duk layin nan babu wanda bai san Ɗaure-Tam ba. Wanda bai san shi ba kuwa sai dai in kurma ne, don shi da kansa yake sanar da mutane. Shekara arba'in da ɗaya ya yi a tashar manyan motoci yana ɗaurin kaya. Bai yi boko ba, ko sunansa aka rubuta sai ya ga kamar tururuwa ce ta faɗa tawada ta bi ta kan takarda. Amma in ya ja tamfol a kan lodi, ya zarga igiya, ya sa ƙafa ya danne ya yi ƙullinsa, to sai dai motar ta kife, kaya ba za su motsa ba. Sau uku yana faɗowa daga saman gingimari, sau uku yana tashi ya karkaɗe wando. Motar da ta taɓa take masa ƙafa, in ji shi, ita aka kai gareji.

"Kayan da na ɗaure," yakan ce, yana dukan ƙirji, "ruwa bai san su ba, rana ba ta san su ba. Ku je tasha ku tambaya."

Babu mai zuwa. Waɗanda za a tambaya ɗin duk ya binne su.

Yana zaune da jikarsa, 'yar babban ɗansa, wadda ke koyon aikin lantarki a makarantar sana'a. Tun tana rarrafe take kwance rediyonsa, shi ya sa ya laƙaba mata Injiniya, sunan kuwa ya bi ta. Da sassafe take fita kullum, har Asabar da Lahadi, sai rana ta yi sanyi take dawowa. Ita da wasu samari da 'yan mata suka kafa ƙungiya, suka ɗinka korayen riguna iri ɗaya. Wata takwas suna wankin motoci da tsince robobi a kwata suna sayarwa, suna bin shaguna neman taimako, har suka sayi farantan sola guda shida da batura, don a sa wa tsofaffin layin kyauta, a raba su da hayaƙin kananzir da ƙugin janareta.

Da Injiniya ta ce masa gidansa na cikin jerin, sai da ya miƙe tsaye.

"Jerin wa?"

"Jerin mabuƙata, Kaka."

"Ni? Ni ne mabuƙaci? Ke, lokacin da nake ciyar da yaran mota goma sha biyu, ubanki ko wando bai iya sawa ba!"

"To shi ke nan," ta ce, tana tattara takardunta. "Da ma rufin kwano mai ƙarfi muke nema na gwaji, wanda ƙwararre ya kafa. Sai mu nemi wani gidan."

Ya bari har ta kai bakin ƙofa, sannan ya ce in dai maganar kwano ce, a garin nan babu na biyunsa, su zo su sa.

Ita ta haɗa wayoyin gida shidan da hannunta. Shi ne aikinta na farko, kuma sai da aka yi ta ja-in-ja a ƙungiyar kafin a bar mata, don akwai masu cewa a ɗauko mai lantarki na haya. Ranar da aka gama, aka jera wa tsofaffi kujerun roba a bakin titi. Shugaban ƙungiyar, wani dogon saurayi mai tabarau, ya ɗauki lasifika.

"Iyayenmu," ya ce, "duniya tana ɗumama! Ranar yanzu ba ranar da ba ce. Tana ƙone amfanin gona, tana busar da rijiyoyi, tana narkar da kwalta, babu abin da ta bari!"

Haka ya yi ta yi har kusan awa biyu. Mai Aski, ɗaya daga cikin tsofaffin da aka sa wa, ya yi barci ya farka ya sake komawa. Ɗaure-Tam kuwa kunne ya kasa, yana gyaɗa kai, don a karon farko ya ji ɗan boko ya faɗi abin da shi ya daɗe da sani: rana mugun abu ce. Aka kunna ƙwan lantarki, aka yi tafi, aka ɗau hotuna, yara suka naɗe tutarsu suka watse.

Washegari da tsakar rana ya jingina tsani ya hau ya duba. Ga abu nan baƙi wuluk, gilashi ne ma, an shimfiɗa shi tsirara a kan kwano. Ya ɗora tafin hannu, ya janye da sauri. Zafi kamar an sauke shi daga wuta.

"Kai, yaro dai yaro ne, ko ya yi gemu," ya ce. "Wata takwas suna tsintar roba, sun sayi abu mai tsada, sun manta da murfi."

A ƙarƙashin gadonsa akwai tamfol ɗin da ya baro tasha da shi, mai kauri kamar fatar giwa, irin wanda yanzu ba a yi. Ko jikarsa ba ya bari ta shanya wanki a kai. Ya jawo shi tsakar gida, ya daɗe yana shafa shi, sannan ya wasa wuƙa ya yanka shi gida shida. Yara sun yi sadakarsu, shi ma zai yi tasa.

Tsarin da ya yi mai sauƙi ne. Da Injiniya ta fita da safe, sai ya saɓa tsani ya bi gida-gida ya rufe farantan, ya ɗaure kusurwa huɗu. In rana ta karkata ta daina cizo, sai ya sake zagayawa ya kwance, ya goge gilashin da tsumma, don a samu wuta da yamma. Ai abin da za a yi amfani da shi da yamma, da yamma ake buɗe shi. Wannan ko ɗan yaye ya sani.

Ya ja wa tsofaffin kunne kada su gaya wa yaran. "Kada a ba su kunya," ya ce. "Sun yi ƙoƙari. Kuma ni aikin alherina a ɓoye nake yi." Wannan magana ta ɓoyo ya faɗa wa Mai Aski, ya faɗa wa tsohon mai gadi, ya faɗa wa mai shayin bakin titi da duk wanda ya zauna shan shayi. Kafin kwana biyu duk mai furfura a layin ya san Ɗaure-Tam na aikin alheri a ɓoye. Masu korayen riguna ne kawai ba su ji ba, don su in sun shigo gida gaisuwa ɗaya suke yi, ido na kan waya, su duba batir su fita.

Gida ɗaya ne ya gagare shi, gidan Gwaggo Tela, wadda suka shekara talatin ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Tana kan keken ɗinkinta ta hango ƙafar tsani na shigowa zaure.

"Ina zuwa da wannan, tsohon biri?"

"Taimakonki zan yi, baiwar Allah. Rana za ta cinye miki farantin."

"Ta cinye. Kwanon nan ya girmi 'ya'yana, ka hau ka ɓurma mini shi ka faɗo kan ɗinkin mutane? Fita mini da katakonka."

"Na ba ki mako guda," ya ce, yana juya tsanin da kyar a cikin zauren. "Za ki zo kina kuka, ni kuwa a ranar ba ni da lokaci."

Daren farko wuta ta kama a gidajen biyar. Na biyu ta yi ja kamar idon mai mura. Na uku ƙwan ya yi ƙifta biyu ya mutu. Mai Aski ya zo da ƙorafi, Ɗaure-Tam ya yi masa bayani irin na masana: ai tun yinin farko da aka bar su a buɗe rana ta riga ta yi musu illa, sai a hankali za su farfaɗo. Daga ranar ya ƙara sammako, kuma ya riƙa shimfiɗa buhu a ƙarƙashin tamfol ɗin.

Injiniya kuwa ta rame a tsaye. Kullum ta dawo makaranta ko ruwa ba ta sha, sai ta ɗau jakar kayan aiki ta bi gidajen. Ta kwance waya ta sake ɗaurawa, ta canza fis, ta hau kwano ta ga faranti tas yana ƙyalli, ko ƙura babu. Batir dai babu komai a cikinsa. A ƙungiya aka fara ƙus-ƙus: da ma an faɗa. Shugaba ya sa taro ranar Asabar da ƙarfe tara. In ba a gano dalili ba, za a kira mai lantarki ya kwance aikinta gaba ɗaya, gidaje ashirin da za a yi nan gaba a ba shi, ita kuma ta koma riƙon tuta da raba ruwa.

Ranar Juma'a da yamma, Ɗaure-Tam ya gama kwance na ƙarshe, yana ɗingishi da tsani a kafaɗa, ya bi ta ƙofar Gwaggo Tela don ya ga ko lokacin kukan ya yi. Sai ya ji rediyo. Ya leƙa. Ƙwai na ci fari fat tun duhu bai yi ba, ƙaramar fanka na kaɗa mata gyale, tana zura zare a allura ko tabarau babu.

"A'a, mai taimako ne?" ta ce. "Shigo ka sha iska mana. Yau kwana tara, ina ta jira rana ta cinye, har yanzu ba ta ji yunwa ba."

Ya sake kallon ƙwan. Ya gyara tsanin a kafaɗa ya wuce gida.

Ya tarar da Injiniya zaune a kan tabarma a tsakar gida, ta baje wayoyi ja da baƙi, ta zuba musu ido. Ya jingine tsanin a bayan ɗaki, ya zo ya zauna a kujerarsa, ya yi gyaran murya.

"Na ga na waccan matar yana ci."

"Shi ne abin da ya ɗaure mini kai, Kaka. Hannu ɗaya ya haɗa su. Waya ɗaya, batir iri ɗaya. Nata lafiya lau, biyar sun mutu."

"To... wai shi wannan faranti, me yake ci ne? Na san mota mai take sha."

"Rana."

"Rana kamar yaya?"

"Rana dai. Ita ce abincinsa. Tun safe yake shan ta, ya tura wa batir, batir ya ajiye mana zuwa dare. In ta fi zafi da tsakar rana ma, lokacin ya fi ƙoshi."

"In kuma... a ce hadari ya rufe ta?"

"Sai ya kwana da yunwa." Ta ɗago. "Amma ina hadari a nan? Kwana tara ko gajimare babu."

Ɗaure-Tam ya kalli sama. Lallai babu. Hadarin yana bayan ɗaki a ninke, gida biyar, da buhunansa.

Mutumin da ya faɗo daga gingimari sau uku bai ji jiri ba, yau yana zaune a kujera ƙasa na juya masa. Ya yi lissafi da sauri irin na 'yan tasha. In ya yi shiru ya daina rufewa, gobe da yamma wuta za ta dawo da kanta, a ce ikon Allah. Amma taro ƙarfe tara na safe ne.

"Ba za a ɗaga taron nan ba zuwa jibi?"

"Sau biyu ana ɗagawa saboda ni." Ta fara naɗe wayoyin. "Bar shi kawai, Kaka. Wataƙila gaskiyarsu ce, ban iya ba. Gobe zan faɗa da bakina kafin a faɗa mini."

Ya buɗe baki. Ya tuna sunan da ya yi a layin, ya mayar ya rufe. Ta ɗauki jakarta ta shige ɗaki.

Da safe bai fita da tsani ba. Wajen takwas da rabi sai ga Mai Aski a ƙofa yana sallama da ƙarfi.

"Ɗaure-Tam! Lafiya? Rana ta fito fa, nawa yana can tsirara!"

"Rufe mini baki, kai kuma! Bar shi ya sha."

"Ya sha me?"

"Wuce mu tafi, ka ji a can."

A wani ajin makarantar firamare ake taron. Ɗaure-Tam ya sa babbar rigarsa, ya ɗaure tamfol biyar ɗin a dami guda ya saɓa. Gwaggo Tela ta gan su sun wuce, ta san ba banza ba, ta rufe keke ta bi bayansu. Suna isa suka tarar Shugaba ya gama jawabi, Injiniya ta miƙe tsaye a gaban allo, tana murza gefen rigarta.

"'Yan'uwa," take cewa, "na duba iya dubawata, ban..."

Tim! Damin ya faɗi a gaban teburin Shugaba, ƙura ta tashi.

"Zauna, Injiniya. Na gano matsalar."

Shugaba ya gyara tabarau. "Baba, sannu da zuwa. Taron na 'yan ƙungiya ne, amma..."

"Yaro, da ana jiran izini kafin a ceci kaya, da rabin garin nan bai ci abinci ba. Na ce na gano. Abin da ya gagari masu takarda kwana tara, ni a zaune na gano shi, ko tashi ban yi ba." Ya gyara tsayuwa. "Rufe farantan ake yi. Kullum, daga safe zuwa yamma. Da wannan."

"Rufewa?" in ji wata yarinya daga baya. "Wane mugun ne?"

"A'a, a'a, kada ki yi saurin baki. Ba mugu ba ne. Ku dubi yankan nan tukuna, ko tela albarka. Ku dubi bakin igiyar. Wanda ya yi wannan ya san aiki. Gida biyar, hawa biyu kullum, ga shekaru, ko sau ɗaya iska ba ta ɗaga kusurwa ba. A garin nan mutum nawa ne za su iya?"

"Baba," Shugaba ya ce a hankali, "wane ne?"

Ɗaure-Tam ya dubi allo, ya dubi taga, ya dubi silin. Sannan idonsa ya faɗa kan jikarsa. Ta saki baki tana kallon tamfol ɗin, ta gane shi, wanda ko wanki ba a shanyawa a kai.

"Ni ne," ya ce. Muryar ta fito ƙarama, kamar ba tasa ba. Ya sake cewa da ƙarfi, "Ni ne! Aikin yarinyar nan babu abin da ya same shi. Ni na hana abin cin abincinsa."

Wani ya fara tuntsirewa a baya, ya toshe baki. Sai na kusa da shi. Kafin ka ce me, ajin ya kece, har da masu dukan benci. Mai Aski ya riƙe ƙofa yana cewa, "Wayyo, har da buhu! Har godiya na yi masa!" Ɗaure-Tam ya tsaya ƙiƙam, ya bar dariyar ta bi ta kansa kamar ruwan sama. Da ta lafa sai ya ɗaga yatsa.

"Kun gama? To ni ma ina da tambaya. Kai mai lasifika, awa nawa ka yi kana zagin rana a gabanmu? Ta ƙone wannan, ta busar da wancan, ba ta bar komai ba. Ka gama, ka ɗora mata kaya a buɗe ka tafi. A cikinku wa ya zauna ya ce mana, Baba, wannan abin rana yake ci? Hoto kuka ɗauka."

"A littafin bayani an rubuta..." Shugaba ya fara.

"Wa zai karanta? Ni ko Mai Aski?"

"Kada ku dube ni," Gwaggo Tela ta ce daga bakin taga. "Ni ma ba sani na yi ba. Tsoron kwanona ne ya cece ni. Da kwanon sabo ne, da yanzu ina cikin duhu tare da wannan tsohon."

Shugaba ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce to, a je a gwada a gani. Aka ɗunguma zuwa gidan Mai Aski, wanda farantinsa ya sha rana tun fitowarta. Injiniya ta durƙusa gaban batir, ta ɗora na'urar gwaji. Lambobi suka fito, suka ƙara, suka sake ƙarawa. Ta juya na'urar ta nuna wa Shugaba. Ya duba, ya sosa ƙeya, ya ce a gaban kowa gidaje ashirin na nan gaba nata ne, kuma wanda ya ce ba ta iya ba ya zo ya ba ta haƙuri. Mutum uku suka zo, ɗaya yana ta kallon takalminsa.

A hanyar gida ita ce a gaba, da damin tamfol a kanta, tana sauri. Shi yana baya yana jan ƙafa. Sun wuce gida huɗu ba ta waiwayo ba.

"Injiniya."

Ta ci gaba da tafiya.

"Ai dai kin ga yadda na tsaya miki."

Ta tsaya cak, ta juyo. "Kwana tara, Kaka. Kwana tara ina kuka a banɗaki don kada ka ji."

"Na ji ai. Na ɗauka saurayi ne."

Ta so ta haɗe rai, abin ya ƙi. Ta sauke damin a gefen hanya ta zauna a kai, tana dariya tana share ido da bayan hannu. Sai ta lura da gwiwarsa, yadda ya dafe ta da hannu biyu kafin ya iya tsayawa daidai.

"Tsaya. Gida biyar, safe da yamma. Wa yake riƙe maka tsanin?"

"Ni ake riƙe wa tsani?"

"Da ka faɗo fa?"

"Da kwanon ya ji jiki."

Ta girgiza kai, ta miƙe, ta kama hannunsa ta ɗora a kafaɗarta. Ya ce shi ba ya buƙata, amma bai janye ba.

"Ranar Litinin za mu fara sabbin gidajen," ta ce. "Za ka bi ni. Ni ina sama ina haɗa waya, kai kana ƙasa, a kujera, kana gaya wa tsofaffi abin da yake ci. Kai za su saurara."

"Wannan gaskiya ne. In na yi magana ana ji." Ya gyara babbar rigarsa. "Amma ba zan sa koriyar rigar nan ba. Kuma maganar yau ta tsaya a layin nan, kada ta fita."

Injiniya ta waiwaya. Can a bakin titi Mai Aski ya riga ya samu benci wajen mai shayi, mutane sun kewaye shi, ya ɗaga hannu biyu sama yana nuna yadda ake shimfiɗa buhu.

"Mu bi ta lungu," in ji Ɗaure-Tam.